Tsalar Gwaggo da Jinin Takwararta

Ni 'yar gidan ƙuli-ƙuli ce. A Karaye aka haife ni, a gidan da ko bangon ɗaki ka shinshina ƙamshin soyayyar gyaɗa za ka ji, kuma tun ban kai tsawon turmi ba nake satar tunkuza ina cusawa a baki. Da na girma aka ba ni taubashina, ɗan Gwaggo, wanda na taso ina tsokanarsa da cewa warin garke yake yi. Gwaggo ƙanwar babana ce. Ta yi aure a Falgore ta ƙasar Rogo cikin masu shanu, ta daɗe a can har ya zama in ranta ya ɓaci Fulatanci ne ke fara zuwa mata baki kafin Hausa. Saboda haka 'ya'yana ta wajen uwa gyaɗa, ta wajen uba nono. Ga kifin dam ɗinmu na Karaye, ga wake da kawuna na Yammedi ke aiko mana da shi duk kaka. In dai abinci mai gina jiki ne, gata har ya yi mana yawa.

Sai Allah cikin ikonSa Ya ba ni 'ya'ya mata biyu waɗanda wannan abincin ne yake cutar da su.

'Yar farina lafiya lau na haife ta. Da lokacin yaye ya yi, Gwaggo ta zo ta ɗauke ta kamar yadda aka saba, ta tafi da ita Falgore, ta dinga ɗura mata kindirmo da fura safe da yamma. Yarinya ta yi ɓul-ɓul, fatarta ta yi haske, gashinta ya yi ja-ja, Gwaggo tana ta alfahari wai jininsu ne ya rinjayi na masu ƙuli. Amma magana ta ƙi zuwa, tafiya ma da ƙyar. Ga jijjiga da takan kama ta, ga wani wari a jikinta irin na rumbun da ɓera ya daɗe a ciki, wanda ko sau nawa aka yi mata wanka ba ya fita. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi duk abin da mutane suka ce a yi, kafin muka dangana da babban asibiti a Kano, inda aka ɗebi jininta aka aika da shi wata ƙasa.

Likitan ya ce akwai wani sinadari mai suna fenilalanin a cikin duk abinci mai gina jiki. Jikin kowa yana sarrafa shi, nata ba ya iyawa. Sai ya taru a jini, ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba abin da uwa za ta gani ta yi ihu. Ya ce gado ne, ni da mijina kowa ya kawo rabi ba mu sani ba. Ya kuma ce abin da ya riga ya taɓu ba ya dawowa. Yau 'yar farina ta kusa kamo ni a tsawo, kalmomin bakinta ba su da yawa, amma ba wanda ya kai ta dariya a gidanmu.

A lokacin ina da cikin ta biyu. Ana haihuwarta aka gwada, aka ce ita ma haka. Na yi kuka har na gode Allah. Malamar da ke kula da abincin marasa lafiya ta bari na gama, sannan ta ce wannan an kama da wuri, in aka tsare mata baki za ta tashi kamar kowace yarinya. Ta ce da ni, "Hankalin yarinyar nan yana cikin tukunyarki." Daga nan ta shiga lissafa abin da ba za a ba ta ba, ni kuma ina sauraro ina jin kamar ta taɓa kwana a gidajenmu biyu ne ta leƙa kowane kwano. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Ba nono, ba madarar kanti, ba cuku. Ba wake, ba ƙosai, ba alala, ba awara. Ba gyaɗa, ba ƙuli-ƙuli, ba riɗi, ba agushi, har daddawar miya sai da ta taɓo. Tuwo da shinkafa da burodi ma sai an auna. Abin da ya rage mana shi ne rogo da garin kwaki, kayan lambu, 'ya'yan itace, mai, sukari, zuma, da wata madara ta musamman a gwangwani wadda ƙamshinta kaɗai ya isa ya kori baƙo.

Ban san dangina malaman fiƙihu ba ne sai a kan wannan magana. Kowa ya zo da tasa fatawar. Wata ta ce kaza ai ba nama ba ce, tsuntsu ce. Wani ya ce to romo fa, ai ruwa ne aka dafa. Innata da kanta ta taɓa tambayata ko ƙwan zabo yana cikin hukuncin, tunda malamar ba ta ambaci zabo ba. Kawuna na Yammedi, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi duk cutar da aka ce a kiyaye abinci ciwon sukari ce a wurinsa, don haka ya je ya sayo wa yara lemon kwalba wanda aka rubuta babu sukari, ya kawo yana ta murna. Ga shi abin zaƙin da ake sakawa a irin wannan lemo a madadin sukari shi ma da wannan sinadarin aka yi shi. A gabansa na buɗe na shanye, ina yi masa godiya, yara suna kallona kamar su cinye ni. Haka na zama 'yar sandan gidan biki. In aka gan ni na shigo da yara, sai ka ga mata suna tura kwanon nama ƙarƙashin gado.

Duk waɗannan na iya da su. Gwaggo ce ta gagare ni.

Ita ƙaramar, sunan Gwaggo aka sa mata, don haka Gwaggo ba ta kiranta da komai sai takwara. Ranar suna ta ba ta 'yar karsana, kamar yadda suke yi wa kowane jariri a gidansu. Da lokacin yaye ya zo na ce ba inda za ta, Gwaggo ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Ta haƙura daga baya, amma ba ta manta ba. To karsanar nan ta girma, ta yi ciki, ta haihu daidai lokacin da takwara ke shirin shiga firamare. A gidansu Gwaggo kuwa, in saniya ta yi haihuwar fari, mai ita ne ke fara shan nononta kafin kowa ya kai baki. In bai sha ba, su a wurinsu saniyar ba ta zama tasa ba, shi ma bai gama zama nasu ba. Na san da haka. Shi ya sa kafin mu je barka na zaunar da Gwaggo na yi mata bayani tun daga farko, ta kuma ce, "Ke 'yar nan, ni yarinya ce? Ba abin da zan ba ta wanda zai cuce ta." Da na lura da yadda ta tsara maganar da ban kwanta da sakin jiki ba.

Muka shiga zuwa Falgore duk ƙarshen mako, don yarinya ta ƙwallafa rai a kan ɗan maraƙinta. Kowane zuwa kuma Gwaggo sai ta ba ni curin man shanu a kwano, ta ce in kai gida. Na ce lallai tsufa ya fara sa Gwaggo kyauta, matar da a da sai ka yi mata kirari kafin ta lakato maka a cokali. Ni kuwa duk abin da ya fito daga jikin saniya na riga na haramta wa yara, saboda haka sai in ɓoye shi a bayan tukwane, ni da maigidan mu riƙa kwarara wa tuwonmu muna sa mata albarka.

Ba a jima ba yarinya ta canza. Mai zama ta yi ta zane-zane a ƙasa ta koma ba ta iya zama wuri ɗaya. Abu kaɗan kuka, abu kaɗan jifa. Ƙuraje suka feso mata a gwiwar hannu. Ran nan ina yi mata kitso na sunkuya, sai hancina ya ɗauko warin nan da na sani, wanda na yi shekaru ina roƙon Allah kada in ƙara jin sa a jikin ɗa. Nan take na saki gashin. Da muka je gwajin jini a Kano, malamar ta duba sakamako ta dube ni, ta ce wani yana ba yarinyar nan wani abu.

Na tsare ta a ɗaki da lallashi da yankan gwanda. Na ce, "Gaya min, me kike ci a gidan Gwaggo?"

Ta ce, "Umma, ba na cin komai. Kuma Gwaggo ta ce ko kin tambaye ni in ce ƙaramar ƙwaryar nan ta kaji ce."

Na je wa maigidan da maganar. Ya sosa ƙeya ya ce shi fa tsakanina da Gwaggo ba ya shiga, tunda ni 'yarta ce tun kafin in zama matarsa. Na ce masa ai dama mai warin garke ba zai ba da shaida a kan saniya ba. Na yanke shawarar in kama ta da hannuna.

Asabar ta gaba da hantsi na yafa mayafi na ce zan bi maigidan kasuwar Rogo. Muna wuce gonar dawa na ce ya sauke ni. Na zagayo ta bayan danga, na kutsa ta inda awaki suka huda, na rarrafa na shige ƙarƙashin rumbu, mace mai 'ya'ya biyu, malamar makaranta, kwance cikin kashin kaji. Wata kaza mai kwanci ta dube ni, na dube ta, muka yi sulhu. Cinnaku ne ba su yarda da sulhun ba.

Daga nan ina hango Gwaggo a gindin bishiya, saniyar takwara na ɗaure a gefe da ɗan maraƙinta. Ta ɗauko gora ta shiga girgiza nono. Ta girgiza, ta girgiza, har mai ya taso ya dunƙule. Ta juye a ƙwarya ta kwashe man tas ta ajiye a kwano, kwanon nan dai nawa da na sani. Ta sake girgizawa, ta sake yaɗe abin da ya taso. Ta ɗauko farin ƙyalle mai tsabta ta tace. Sannan ta ɗaga ƙwaryar saitin rana tana karkata ta, tana neman ko idon mai guda ya rage. Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi wa wani aiki irin wannan natsuwar ba, ko alwala. Da ta gamsu ta zuba a ƙaramar ƙwarya, ta duba hagu ta duba dama, ta ce, "Takwara, zo ki yi bisimilla, maza kafin 'yar sandan ta dawo."

Na zabura zan miƙe, na manta a inda nake. Kaina ya daki gindin rumbu, kaza ta tashi da kururuwa, zanina ya maƙale a ƙaya. Haka na fito, kai duk ƙaiƙayi, na fizge ƙwaryar daga hannun yarinya.

To fa. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, bakina cike da magana, amma wadda ke gabana ƙanwar ubana ce kuma uwar mijina. Ko ta wace ƙofa na bi, ba ni da izinin ɗaga mata murya. Sai na juya wajen saniyar.

Na ce, "Ke saniya, ba ki ji kunya ba? Da girmanki da furfurar wutsiyarki, an zauna an yi miki bayani, kin ce kin ji, ashe kina nan kina zuba wa yarinya abin da zai ci mata hankali! Kin ga ƙurajen hannunta? Kin shinshina kanta?"

Saniya ta ci gaba da tuƙa. Gwaggo ta gyara ɗaurin zaninta, ita ma ta fuskanci saniyar.

Ta ce, "Ki gaya wa mai kwana ƙarƙashin rumbun mutane cewa ni ba nono na ba ta ba. Tsala ce. Na cire man kaf. Malamin asibitin Rogo da ya auna ni ya ce jinina ya hau, me ya hana ni? Mai ya hana ni. Ya ce tsala in sha. Kowa ya san nauyin nono da sharrinsa a cikin mai suke. Tsala ai ruwa ce, ita muke ba majinyaci. Ki tambaye ta man da nake cirewa, wa yake shanye shi?"

Nan na ɗan yi tari. Amma ban sauka ba. Na ce wa saniyar ciwon tsofaffi daban, na yarinya daban. Gwaggo ta ce wa saniyar ita ba ta yarda da likitancin 'yar masu ƙuli ba, a tafi gaban mai abin a raba mu. Muna cikin haka takwara ta ja hannuna ta ce, "Umma, ai ba ta jin Hausa, da Fulatanci ake mata magana."

Ranar komawa asibiti Gwaggo ta kwana a shirye. Ta iso Karaye da sassafe da kayan shaidarta: gorar tsala a hannu, kwanon man shanu a cinya. Haka muka shiga motar haya. Duk ramin da direba ya faɗa sai ta yi masa faɗa, wai zai zubar mata da hujja.

Malamar abincin mai ladabi ce. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta tambayi gida da shanu da damina, ta bar ta ta baje kayanta a kan tebur ta kawo ƙarata tun daga hana ta yaye har zuwa rumbu. Sannan ta taɓa gorar ta ce, "Baba, kin yi ƙoƙari, kuma da niyyar alheri kika yi. Amma abin da ke cutar da ita ba a cikin mai yake ba. A cikin wannan farin ruwan yake. Duk tacewar da kika yi, shi kika tace kika ba ta." Ta taɓa kwanon kuma ta ce, "Wannan da kike cirewa, in aka soya shi sosai aka tace, aka zubar da abin da ya kwanta a gindin tukunya, za ta iya cin cokali guda a kan abincinta." Ta juyo gare ni ta ce ashe ban lura ba, man gyaɗa nake dafa mata abinci da shi, ƙuli nake hana ta, ai duk tafiyar ɗaya ce.

Gwaggo ta juya maganar a ranta. Can sai ta waiwayo ta zuba min ido. Ta ce, "Wato rabon takwara ne kike kwashewa kina kai wa mijinki kuna lashewa a ɓoye?"

Na ce, "Gwaggo, ke kika ba ni."

Ta ce, "Na ba ki ne don na ɗauka guba ce."

Malamar ta kifa kai a tebur tana dariya. Da ta ɗago ta ce abin bai daɗe ba, in aka daina yanzu jinin zai sauka, in Allah Ya yarda yarinya za ta dawo daidai. Ta kuma ce a gaya wa mutanen gida takwara za ta ci daga saniyarta, man ne nata. Gwaggo ta tattara kayanta tana cewa dama ita ta san saniyar ba ta da laifi. Ta fito tana taku kamar ita ta ci shari'ar, ni ma na fito ina jin ni na ci.

A mota muka ci gaba da 'yar muhawararmu har muka bar gari, gonaki suka fara. Takwara ta yi barci a cinyarta. Sai Gwaggo ta kau da fuskarta. Tana kallon waje, tana shafa kan yarinyar. Can ta yi magana da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

Ta ce, "Ke 'yar nan. Babbar fa? Da na ɗauke ta yaye. Kullum sai na cika mata ƙwarya, in ta ƙi sha in yi mata wasa har ta shanye. Shi ne?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma Gwaggo ba a yi mata ƙarya, kuma ta riga ta ji bayani da kunnenta. Na ce, "Gwaggo, nawa ta fara sha kafin naki. Ba wanda ya sani a lokacin, ni da ke da likitocin da muka fara zuwa wurinsu. Abin da muke da shi mafi kyau muka ba ta."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni ma hawaye suka zubo min.

Da muka iso Karaye ya kamata ta zarce Rogo a motar, amma ta ce a sauke ta. Ta riga ni shiga gida. 'Yar farina tana zaune a tabarma a tsakar gida tana jera murafan kwalba. Gwaggo ta cire takalmi, ta durƙusa a gabanta gwiwa biyu a ƙasa, irin durƙuson da ban taɓa ganin ta yi wa wani mahaluki ba, ta gaishe ta cikakkiyar gaisuwa kamar yadda ake gaida manya, ta tambaye ta wuni, ta tambaye ta gajiya. Sannan ta kama hannayenta biyu ta ce, "Ki yafe ni. Ban sani ba."

Yarinyar ta dube ta ta yi dariyar nan tata. Ta zare hannu ɗaya, ta goge wa Gwaggo kumatu da tafin hannunta, ta matsa gefe ta ba ta wuri a tabarmar.